Pampon mai na mota mai turbo: a auna kafin a biya

A ƙarshen watan maris, muna cikin shirinmu na ƴan kasuwa a gidan rediyo, sai wata hajiya ta kira mu daga Maraɗi, muryarta duk ɓacin rai. Sana'arta sarin tumatir da tattasai daga lambunan Jiratawa, tana kai ma abokan cinikinta a Damagaram. Shekaru biyu da sunka wuce ta haɗa kuɗin adashi da ribar kasuwa ta sayi mota ƴar hannu, irin mai dogon bayan nan da ake saukewa a tashar ruwan Lome, domin ta huta da zaman jiran motar haya a tasha. Ɗan ƙanenta ne ke tuƙa ta.

Ta ce mana: "Ɗana, pampon mai kawai na canja ma motar nan, sati ukku tsakani injin ya ƙone. Ku da kuke da masu sauraro da yawa, ku tambayar mani, mene ne haɗin pampo da ƙonewar inji?"

Ga yadda abin ya faru. Pampon da motar ta zo da shi ya mutu, direba ya tafi wajen masu saida kayan mota, anka ɗora mashi pampo biyu bisa teburi. Tsawonsu ɗaya, kaurinsu ɗaya, wurin sa waya ɗaya, amma guda bai kai rabin kuɗin ɗan'uwanshi ba. Ya buga ma hajiya waya, ta ce a ɗauki mai sauƙin. Anka ɗaura, mota ta tashi bugu ɗaya, ta yi ta yawo cikin gari lafiya lau. A hanya ne direba ya fara jin in ya taka sosai motar tana shaƙewa, ya ɗauka man da ya sha ne ba shi da kyau. Ranar da abin zai faru, an cika ta da kwanduna har rufi, rana ta take, tsakanin Agiye da Gazawa ya fito zai wuce wani kamyon. Motar ta shaƙe, ya ƙara takawa, ya ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani, sai hayaƙi. Tumatir ya wuni cikin rana har magariba kafin a samu motar da za ta kwashe shi, fiye da rabi ya lalace. Da anka buɗe injin a garaji, an iske kan fistan guda ya narke.

Mun ɗauki tambayar hajiya mun kai ma wani dattijon makanike da ya haura shekaru 30 yana wanga aiki, mun kuma duba littattafan sana'ar. Abin da munka samu shi ne muke kawo maku, domin yau ƴan kasuwa da yawa, maza da mata, suna da motar kansu ko suna da hannun jari cikin wata, kuma su ne ke fidda kuɗin gyara.

Turbo da ƙishirwarshi

Injin mota yana cin abu biyu ne, iska da mai. Domin isansi ya ƙone daidai, kowane kilo ɗaya na mai yana son wajen kilo 14,7 na iska. Inji maras turbo yana shaƙar iska da kanshi, iya abin da ya iya. Shi kuwa turbo wata ƴar farfela ce da hayaƙin injin ke juyawa kafin ya fita, ita kuma ta juya wata farfelar da ke cusa iska cikin injin da ƙarfi, kamar yadda zugazugin maƙeri ke hura wuta. Tana iya yin juyi fiye da 150.000 cikin minti ɗaya. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwis, Alfred Büchi, shi ne ya yi rajistar wagga dabara a 1905, kuma a 1962 ne ta fara shiga ƙananan motoci a Amurka. Daga wajajen 2005 kamfanonin Turai sunka koma ƙera ƙananan injina masu lita 1,2 ko 1,4 ko 1,6 suna sa masu turbo, domin su rage shan mai da hayaƙi. Waɗannan motoci su ne sunka tsufa can, su ne kuma ke shigo mana yanzu. Mutane da yawa suna tuƙa mota mai turbo ba su ma sani ba.

To in an ƙara iska, tilas a ƙara mai. Ba ma daidai da daidai ba, domin lokacin da turbo ke cikin aiki injin yana son mai ya ɗan yi yawa, wajen kilo ɗaya ga kilo 12 na iska. Wannan rarar man ita ce ke sanyaya kan fistan. In pampo ya kasa kawo isasshen mai a daidai wannan lokaci, iska ta yi yawa, wutar da ke cikin silinda ta ƙara zafi, man ya riƙa fashewa ba bisa ƙa'ida ba. Ƙarar tsakuwar da direban hajiya ya ji kenan. Kwamfutar motar tana ƙoƙarin rage ma injin ƙarfi in ta ji haka, amma in direba ya nace yana takawa da kaya cikin zafin da ya wuce digiri 40, ba kullum take iya ceton fistan ba.

Dattijon ya ce mana: "Yaro, mota maras turbo in mai ya gaza mata sai ta yi kasala, ta tsaya. Mai turbo in mai ya gaza mata, kanta take ci."

Abin da ke ruɗin mutane shi ne ƙaramin pampo ba ya nuna gazawarshi cikin gari. Mota tana tsaye injin na aiki, shanta bai wuce wajen lita ɗaya ba a awa. Tana tafiya sannu bisa kwalta, lita 7 ko 8 a awa. Kowane pampo yana iya kawo wannan. Sai ranar da anka yi lodi, anka zo hawa ko wuce babbar mota, sannan injin zai nemi ninkin haka sau bakwai ko takwas.

Lissafin dawaki

Ku mata ƴan kasuwa ba ku sayen hatsi da ido, sai an auna da tiya. Pampo ma yana da tiyarshi, wato lita nawa yake turowa cikin awa ɗaya. Kafin a san wanda ya dace, sai an san ƙarfin injin, wanda ake ƙirgawa da dawaki.

A nan akwai tarko guda. Adadin da ke rubuce cikin kart giriz ɗinmu, 7 ko 9 ko 11, ba shi ne ƙarfin injin na gaskiya ba, wannan lissafin biyan haraji ne. Ƙarfin gaskiya yana cikin littafin motar, ko cikin takardar da ta zo da ita daga Turai, inda ake rubuta shi da kilowat. A ninka kilowat da 1,36 sai a samu dawaki. Motar hajiya kilowat 110 ce, wato dawaki 150.

Ga ƙa'idar da masu aikin ke bi. In an taka har ƙasa, kowane dawaki 10 na inji maras turbo suna shan wajen lita 3 a awa. Na inji mai turbo kuwa, kowane dawaki 10 suna shan kusan lita 4. Saboda haka dawaki 150 suna son lita 60 a awa. Amma ba a sayen pampon da ya tsaya cif bisa lita 60, domin pampo yana tsufa, filtir yana toshewa, batiri yana rauni. Sai a ƙara kashi ɗaya cikin huɗu, ya zama lita 75. Injin dawaki 100 yana shan lita 40, a nemo mashi pampon lita 50 ko sama. Na dawaki 200 yana shan lita 80, a nemo mashi na lita 100. Wanda ya iya lissafin ribar buhun albasa, wanga lissafi ba zai gagare shi ba.

In makanike ya taɓa injin ya ƙara mashi ƙarfi, ko anka sauke injin asali anka ɗaura wani babba, kamar yadda ake yawan yi a garajojinmu, to lissafin injin da ke ciki yanzu za a yi. Sau da yawa ana canja inji a manta da pampon da ke kwance cikin tanki.

Lambar da ke bisa kwali

Wani zai ce to ai abin da sauƙi, a duba kwali, in an rubuta lita 100 shi kenan. A nan ne ake cutuwa. Pampo ba zuba mai yake yi cikin bokiti ba, tura shi yake yi da matsi cikin tiyo har ya kai ga injekter, wato ƴan allurorin da ke fesa mai cikin inji. Matsi ana auna shi da bar, abin da masu faci ke ce ma kilo in suna ba taya iska. Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar bar 2 zuwa 2,5. Tsofaffin motoci masu karbirato ba su son ko rabin bar na mai. Masu injekter kuwa suna son bar 3 zuwa 4. Shi ya sa pampon motar karbirato ba ya aiki a motar injekter ko kaɗan.

Duk wanda ke zaune gidan bene ya san ruwan pampo yana zuba da ƙarfi a tsakar gida, amma in ya hau sama sai ya koma tsiyaya. Haka pampon mai yake: gwargwadon yadda matsi ya ƙaru, gwargwadon yadda litocin ke raguwa. Kuma a mota mai turbo matsin ba ya tsayawa wuri ɗaya. A yawancin motocin da ke da tiyon maida mai tanki, akwai wani ɗan ƙarfe da ake kira regilater, aikinshi shi ne in turbo ya cusa iska da ƙarfin bar ɗaya, shi ma ya ƙara ma mai bar ɗaya, domin man ya iya kutsawa cikin iskar. Ke nan bar 3 ya koma bar 4, a daidai lokacin da injin ya fi ƙishirwa. Lokacin da ake son pampo ya fi bada mai, lokacin ne ya fi shan wahala.

Saboda haka tambayar da za a yi ma mai kanti ita ce, lita nawa ne a bar nawa? Kamfanonin kirki suna rubuta duka biyun, har da ƙarfin lantarkin da anka yi awon da shi. Misali, sanannen pampon nan Walbro 255 sunanshi ya fito ne daga lita 255 a awa, a matsin wajen bar 3. Kwalin da anka rubuta ma lita kawai babu bar, mai yiwuwa an auna shi ne baki buɗe babu matsi, kuma wannan adadi ba shi da amfani ga mai mota.

Sai maganar lantarki. Ana yawan auna pampo da bolt 13,5, wato abin da mota ke badawa in injin na aiki kuma dinamo na da lafiya. In wayar da ke kai wuta ga pampo siririya ce, ko an yi mata ɗaure-ɗaure, ko rele ya gaji, ko wurin da anka ɗaure wayar ƙasa ya yi tsatsa, abin da zai isa pampon ba zai wuce bolt 11 ko 12 ba, kuma litoci su ragu nan take. Dattijon ya ce ya sha ganin an jefar da pampo mai lafiya alhali waya ce ke da laifi.

Ya nuna mana yadda ake gwadawa. Ana kashe injin, a cire tiyon da ke maida mai tanki a sa cikin kwalbar lita ɗaya, a ba pampo wuta daƙiƙa 30. Abin da ya taru a ninka shi da 120, shi ne litocin awa ɗaya. Motar da ke son lita 75 tilas ta wuce rabin kwalba sosai, ta doshi kashi biyu cikin ukku ko fiye. Irin pampon da anka sa ma motar hajiya, in ji shi, ba kasafai yake kai rabi ba. Gwaji na biyu da agogon auna matsi ake yin shi, ana tafiya da motar: in an taka, allurar agogon ta hau ko ta tsaya daram, in ta fara sauka to pampo ya gaza. Wannan aikin makanike ne, a fili, nesa da taba da murhun mai shayi.

Babba ma yana da nashi aibi

Kada a ce tunda haka ne bari a sayi mafi girma a huta. Pampon lita 255 a motar dawaki 100 ya fi ƙarfin regilater ɗinta, matsi ya hau fiye da kima, mota ta riƙa shan mai tana baƙin hayaƙi, buji su yi baƙi. Man da ya yi yawa yana ta zagaye tsakanin inji da tanki yana ɗaukar zafi, kuma babban pampo yana jan wuta da yawa, har ya iya ƙona siririyar wayar da anka yi domin ƙarami. Wanda ya dace shi ne wanda ya cika lissafi da ƴar rara. Ga motar da ba a taɓa injinta ba, hanya mafi sauƙi ita ce a nemi pampo mai lamba ɗaya da na asali. Lambar tana jikin tsohon pampon, kuma da lambar shasi, mai haruffa da alƙaluma 17, babban kanti yana iya gano wanda ya dace.

Abin da ke kashe pampo

Pampon motar injekter cikin tanki yake zaune, man da ke ratsa shi ne ke sanyaya shi. Al'adarmu ta shan lita biyu, a ƙara lita ukku gaba, allura kullum tana kwance bisa ja, ita ce babbar mai kashe shi. In mai ya yi ƙasa, a kwana ko a gargada pampo yana shaƙar iska, ya yi zafi, injin kuma ya rasa mai na ɗan lokaci. Mota mai turbo kada tankinta ya sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu, musamman a doguwar hanya irin ta Maraɗi zuwa Yamai mai kilomita fiye da 650.

Na biyu datti ne. Tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011 muna da man gida, amma direbobi da yawa sun saba da man kwalba da na jarka na bakin hanya, wanda muke kira ruwa-ruwa. Ba mu zargin kowa, kowa abincinshi yake nema, amma man da ya kwana cikin jarka a ƙurar hunturu ba ya rasa yashi, wani lokaci har da ruwa. In tilas ta sa, a tace shi da ƙyalle mai tsabta. A gindin pampo akwai ƴar rariya, a hanya kuma akwai filtir. Duk ranar da anka canja pampo a canja su tare, a kuma leƙa cikin tanki, in da laka a wanke. Sabon pampo bisa tsohon filtir da ya toshe ba zai daɗe ba.

Alamomin da ya kamata direba ya faɗa ma mai mota tun da wuri su ne: shaƙewa wajen hawa ko wuce mota, kukan pampo mai tsini daga ƙarƙashin kujerar baya, wuyar tashi in injin ya yi zafi, fitilar inji da ke kunnuwa gaban direba, da ƙarar tsakuwar nan. In an ji ta, a ɗaga ƙafa nan take, a tafi sannu har garaji. Ku kuma masu mota, kada ku riƙa yi ma direba faɗa in ya kawo ƙorafi, domin tsoron faɗa ne ke sa yara su yi shiru har inji ya mutu.

Motocin gazuwal da sababbin injina

Duk lissafin da munka yi na motar isansi ne. Motocin gazuwal masu turbo, irin su Hilux da Hiace na zamani da ƴan kasuwa ke ji da su, tsarinsu daban ne. Babban pamponsu yana jikin inji, yana matsa gazuwal har bar 1.600 ko fiye, kuma babban abokin gabarshi ruwa ne da datti. Maganinshi canja filtir kan lokaci da zubar da ruwan da ke taruwa gindinshi. Ba a barin kowane makanike ya buɗe shi.

Haka nan sababbin injinan isansi da za ku ga an rubuta masu TSI ko THP ko EcoBoost, pampo biyu gare su: ɗaya cikin tanki mai bada wajen bar 4 zuwa 6, ɗaya jikin inji mai kai matsin bar 100 zuwa 200. Kwamfuta ce ke sarrafa su, kuma ba su karɓar pampon kame-kame. A irinsu, lambar asali kawai za a bi, kuma a sa na'urar bincike ta nuna wanne ne cikin biyun ya gaza kafin a fidda ko dala.

Ranar sayayya

In ranar ta zo, hajiya da alhaji, kada a aiki yaro shi kaɗai da kuɗi. A tafi da tsohon pampon a hannu da lambar shasi a takarda. A san dawakin injin, a yi lissafin litoci tun daga gida. A tambayi mai kanti lita nawa a bar nawa, in bai sani ba a duba kwali, in kwalin ma bai faɗa ba a gaba. Pampon hannu da anka ciro daga wata mota yana iya fin sabon jabu kyau, amma a sa a gwada shi da kwalba da agogo gaban idonku kafin a biya. A karɓi rasit, a yi sharaɗin maidowa in bai cika awo ba. Ku da kanku kun san araha ba ta ado, amma tsada kaɗai ma ba shaida ba ce, domin ana sa jabu cikin kwali mai kyau a tsawwala kuɗi.

Mun koma mun kira hajiya mun karanta mata abin da munka samu. Ta yi shiru, sannan ta ce kuɗin da ta tsimi wajen pampo bai kai na kwando biyar na tumatir ba, amma gyaran inji ya cinye mata ribar rani gaba ɗaya, ban da abokan ciniki biyu da sunka koma wajen wata. Motar ta fito daga garaji, an sa mata pampo mai lambar asali da sabon filtir, an gwada shi da kwalba tana tsaye tana kallo. Ta ce ta sa ɗan ƙanenta ya rubuta lita 75 da bar 4 cikin littafin da take rubuta bashi, kuma ta roƙe mu mu faɗa ma sauran mata. Mun cika alkawari. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka cikin nema.